BlackBerry bayan waya: me ya sa masu zuba jari ke shakkar zai sake girma?

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano wajajen 2011 zai tuna yadda tebura suke cike da wayoyin BlackBerry samfurin Curve da Bold, matashi ya riƙe waya da hannu biyu yana danna ƙananan maɓallai da manyan yatsunsa, na kusa da shi yana cewa "ba ni PIN ɗinka". Yau in ka ce wa mutum kamfanin BlackBerry yana nan da ransa, sai ya tsaya yana kallonka. To yana nan, a garin Waterloo na ƙasar Kanada inda aka kafa shi a 1984, kuma ana cinikin hannun jarinsa a kasuwannin New York da Toronto. Sai dai manhaja yake sayarwa yanzu, kuma fiye da shekara goma ke nan masu zuba jari na yi masa tambaya ɗaya: yaushe za ka fara girma? Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, da amsoshinsu.

Me BlackBerry ke sayarwa tunda ya bar waya?

Ya daina ƙera waya da kansa a 2016. BBM na gama-gari, wato manhajarsa ta aika saƙo, an rufe shi a ƙarshen watan Mayun 2019, sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe hidimomin da tsofaffin wayoyin ke dogaro da su. Abin da ya rage kashi uku ne. Akwai QNX, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin cikin mota da wasu na'urorin asibiti da masana'antu. Akwai sashen sadarwa mai tsaro, wanda gwamnatoci da bankuna ke biya don kare wayoyin ma'aikatansu da saƙonninsu. Sai ɗan abin da ke shigowa daga masu amfani da fasahohin da kamfanin ya yi wa rajista. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Fabrairun 2025, QNX ya kawo dala miliyan 236, sashen sadarwa kusan miliyan 273, na ukun kuma miliyan 26. Jimilla kusan dala miliyan 535.

Rabin biliyan ai ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ina matsalar take?

Matsalar tana cikin inda aka fito da inda aka dosa. A shekarar kuɗi ta 2011 kamfanin ya yi cinikin dala biliyan 19.9. Wannan zamanin waya ne, a bar shi. Amma ko bayan ya koma manhaja, lissafin ƙasa yake yi: kusan biliyan 1 a shekarar kuɗi ta 2020, miliyan 893 a 2021, miliyan 718 a 2022, miliyan 656 a 2023. A 2024 ya ɗaga zuwa miliyan 853, amma da ka leƙa ciki za ka ga sayar da kadara ce ta ɗaga shi. A 2023, cikin waccan shekarar kuɗin ta 2024, kamfanin ya sayar wa wani kamfani mai suna Malikie Innovations takardun mallakar fasaha kusan 32,000, aka ba shi dala miliyan 170 a hannu da alkawarin wani kaso nan gaba. Wanda ya sayar da gonarsa ya samu kuɗi a bana, amma baɗi ba shi da gonar da zai sake sayarwa, kuma 'yan kasuwar hannun jari sun san haka.

Farashin hannun jarin ma shaida ne. A tsakiyar 2008 ya haura dala 140. A wasu watannin 2024 ya sauka ƙasa da dala 3.

Me ya sa a harkar manhaja ake ɗora girma gaba da komai?

Saboda yadda sana'ar take. Rubuta manhaja na cin kuɗi sosai da farko, albashin injiniyoyi na shekaru, amma da an gama, sayar wa mutum na dubu ba ya cin wani abin kirki fiye da sayar wa mutum na goma. Shi ya sa duk ƙarin ciniki kusan riba ce zalla. Mai zuba jari na yarda ya sayi hannun jarin kamfanin manhaja da tsada, wani lokaci ninki goma na cinikinsa na shekara ko fiye, don yana sa ran cinikin zai riƙa ƙaruwa da kashi 20 ko 30 cikin ɗari duk shekara, albashi kuma ba zai bi shi da irin wannan gudun ba.

In ciniki ya tsaya, lissafin sai ya juye. Albashin injiniyoyi na nan, ba ya jira. In ka rage su don ka tsira da riba, manhajarka ta tsufa, abokan ciniki su gudu. In ka riƙe su, asara ta ci gaba. A wannan tsaka-mai-wuya BlackBerry ya shafe shekaru: asarar sama da dala biliyan 1 a shekarar kuɗi ta 2021, miliyan 734 a 2023, miliyan 130 a 2024, miliyan 79 a 2025. Kaso mai yawa na manyan asarorin nan ba tsabar kuɗi ba ne da suka fita daga asusu, rage darajar kadarori ne a littafi. Amma rage darajar ma magana ce: kamfani ne ke amsa cewa abin da ya saya da tsada bai kai kuɗin ba.

Wane ciniki ne ya fi zubar da amanar kamfanin?

Cylance, ba tantama. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya.

John Chen ya karɓi ragamar kamfanin a Nuwamban 2013, lokacin da wayoyin BlackBerry 10 suka ƙi sayuwa, yunƙurin Fairfax Financial, wani kamfanin zuba jari na Kanada, na sayen kamfanin a kan dala biliyan 4.7 ya wargaje, aka maye gurbinsa da bashin dala biliyan 1. Chen ya cancanci yabo a kan abu ɗaya: ya hana kamfanin rushewa. Ya rage kashe kuɗi, ya fita daga ƙera waya, ya sayi ƙananan kamfanonin tsaro, Secusmart na Jamus a 2014, AtHoc da Good Technology a 2015. Amma tsira daban, girma daban. Don ya samo girman, a Fabrairun 2019 ya kammala sayen Cylance, wani kamfanin Amurka mai manhajar kare kwamfuta daga masu kutse, a kan dala biliyan 1.4, tsabar kuɗi. Fiye da rabin abin da ke asusun kamfanin ke nan a lokacin.

Hujjar ta yi daɗin ji. Cylance na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gane muguwar manhaja tun kafin ta yi ɓarna, kasuwar tsaron kwamfuta kuma na haɓaka. Amma kasuwar ta riga ta fara karkata. Manyan kamfanoni sun daina gamsuwa da manhajar da ke tare ƙofa kawai, suna son wadda za ta bi sawun ɓarawon da ya riga ya shiga, ta nuna inda ya taɓa, ta kore shi. A nan CrowdStrike ya yi fice, ya shiga kasuwar hannun jari a Yunin 2019, wata huɗu bayan cinikin Cylance, ya kama girma ba kama hannun yaro. SentinelOne ya biyo baya. Microsoft kuma ya riƙa haɗa nasa Defender cikin kunshin da kamfanoni suka riga suka biya. Stuart McClure, wanda ya jagoranci kafa Cylance, ya bar BlackBerry tun a 2019.

Akwai wani ma'auni da 'yan kasuwar manhaja ke dubawa: cikin kowace dala 100 da tsofaffin abokan ciniki suka biya bara, nawa suke biya bana? Kamfani mai lafiya yakan haura 100, don abokan cinikinsa na ƙara saye. A 2023 na sashen tsaron BlackBerry ya sauka zuwa kusan 81. Ma'ana, kafin ya samu sabon abokin ciniki ko ɗaya, sai ya fara cike ramin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ɗiban ruwa ne da kwando.

A Disamban 2024 aka sanar da sayar da Cylance ga Arctic Wolf, wani kamfanin tsaron kwamfuta, a kan dala miliyan 160 da hannun jari kusan miliyan 5.5 na shi Arctic Wolf ɗin. An saya biliyan 1.4, an sayar da abin da tsabarsa bai kai kashi 12 cikin ɗari na kuɗin ba, ban da abin da aka zuba a cikinsa na shekara shida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk lokacin da shugabannin kamfanin suka zo da sabon labarin girma, wannan cinikin ne ke fara faɗo wa masu zuba jari a rai, kuma ban ga laifinsu ba.

A 2024 an ce QNX na cikin motoci sama da miliyan 255. Yaya kamfani mai irin wannan zai rasa girma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don a kanta masu fata da masu shakka suka rabu.

QNX kaya ne mai kyau, wannan babu jayayya. An fara shi a Kanada tun 1980, BlackBerry ya saye shi daga Harman a 2010 a kan kusan dala miliyan 200, da niyyar gina sabbin wayoyi a kansa. Wayoyin sun tafi, shi ya zauna. An gina shi ne ta yadda ƙaramar cibiya ke tsakiya, sauran ayyuka kowanne a ɗakinsa, don haka in ɓangare ɗaya ya lalace ba ya jan sauran. A waya, in manhaja ta tsaya sai ka kashe ka kunna. A mota mai gudun kilomita 120, allon da ke nuna gudu da na'urar da ke taka birki in ta hango haɗari ba su da damar tsayawa. Shi ya sa masu ƙera motoci irin su BMW, Toyota, Volkswagen da Hyundai ke amfani da shi, kuma yana da takardun shaidar aminci da ake shan wahala kafin a samu.

Yanzu sai ka ɗora adadi biyu kusa da juna: motoci miliyan 255 a kan titi, ciniki dala miliyan 236 a shekarar kuɗi ta 2025. Bai kai dala ɗaya a kan kowace mota ba. Dalili shi ne yawancin kuɗin sau ɗaya ake biya, ranar da mota ta fito daga masana'anta. Motar da aka ƙera a 2016 tana cikin lissafin miliyan 255, amma ba ta kawo ko sisi a yau. Abin da ake biya a kan sabuwar mota ma 'yan daloli ne. Saboda haka adadin motocin na nuna yarda da kayan, ba ya nuna kuɗin da ke shigowa. Masu shakka suna cewa: mun yarda kayanka na ko'ina, amma a farashin gishiri kake sayar da shi.

Masu fata kuma suna da amsa mai ƙarfi. Tsohuwar mota na da ƙananan kwamfutoci da dama, kowace da aikinta. Sabbin motoci na haɗa su cikin manyan kwamfutoci 'yan kaɗan, kuma kowace babba na buƙatar tushe mai aminci. In QNX ya shiga wuri uku ko huɗu a mota ɗaya maimakon wuri ɗaya, kuɗin kowace mota zai ninka ko da yawan motocin bai ƙaru ba. Cinikin QNX ya tashi daga dala miliyan 215 zuwa 236 a shekara guda, kusan kashi 10 cikin ɗari. Girma ne na gaske. Amma kashi 10 na ƙasa da rabin kamfani ba ya isa ya ɗaga kamfanin gaba ɗaya da saurin da kasuwa ke so.

A 2025 an ce akwai dala miliyan 865 da ke jiran QNX. Ita fa?

Ƙiyasi ne na kuɗin da kamfanin ke sa ran karɓa nan gaba daga motocin da aka riga aka zaɓi QNX a tsarinsu. A farkon 2024 ya kai dala miliyan 815, a farkon 2025 ya kai 865. Ba kuɗi ne a hannu ba, kuma ba bashi ne da ake bin wani ba. Daga ranar da mai ƙera mota ya zaɓi manhaja zuwa ranar da motar farko za ta fito, akan ɗauki shekara biyu, uku ko fiye. Daga nan kuɗin zai riƙa ɗigowa tsawon shekarun da ake ƙera samfurin. In motar ta ƙi sayuwa, ko aka ɗage fitowarta, ƙiyasin ya ragu.

Kuma ɗagewar ta sha faruwa. An yi ƙarancin ƙananan kwakwalen lantarki a 2021 da 2022, masana'antu suka rage aiki. An yi yajin aikin ma'aikatan motoci a Amurka a kakar 2023. Manyan kamfanonin mota da dama sun yi ta jinkirta sabbin tsare-tsarensu saboda rubuta manhajar ya fi ƙarfin yadda suka zata. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigowa da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da BlackBerry ke da iko a kai. Abin da ke damun mai zuba jari ke nan: ya sayi kamfanin manhaja, amma ribarsa na ɗaure da ƙafar masana'antar mota, wadda ke tafiya a hankali kuma take hawa da sauka.

Shin wani zai iya ƙwace wa QNX kasuwa?

An riga an ƙwace wani ɓangare. Misalin Ford ya isa. A 2014 Ford ya bar Microsoft ya koma QNX don allon nishaɗi na motocinsa, aka yi ta murna a Waterloo. A Fabrairun 2021 Ford ya sanar zai koma Android na Google. A fannin allon kiɗa da taswira, Android da Linux sun yi nisa, domin direba na son abin da ya saba gani a wayarsa. Inda QNX ke da ƙarfi shi ne ƙarƙashi, wurin da rai ke cikin haɗari in aka yi kuskure. Ko a nan yana da abokan gogayya, Green Hills da Wind River, wanda Aptiv ya saya a kan dala biliyan 3.5 a 2022, ga kuma masu ƙoƙarin samar wa Linux shaidar aminci. A ganina QNX ba zai rasa wannan wurin da sauri ba, don mai ƙera mota ba ya son taɓa abin da ke aiki. Amma wanda ke da zaɓi ba ya barin a ɗaga masa farashi yadda aka ga dama.

Sashen sadarwa na gwamnatoci fa, ba zai iya ɗaukar nauyin ba?

Zai iya ciyar da gida, ba zai iya gina sabo ba. Gwamnatin Jamus na amfani da SecuSUITE, manhajar kare kira da saƙonni, hukumomin gwamnatin Amurka da dama na amfani da AtHoc wajen aika saƙon gaggawa, Malesiya ta ƙulla yarjejeniya a 2023. Gwamnati ba ta saurin sauya mai kawo mata kaya, wannan alheri ne. Amma kwangilolinta kan zo a dunƙule, wata uku a samu babba, wata uku a rasa. Manhajar kula da wayoyin ma'aikata kuma na fama da Intune na Microsoft, wanda kamfanoni da yawa ke samu cikin kunshin da suka riga suka biya. Sayar da abin da maƙwabcinka ke bayarwa a matsayin gyara aiki ne mai wuya.

Ba a 2021 hannun jarin ya yi tashin gwauron zabo ba?

Ya yi, a ƙarshen Janairun 2021, ya kai kusan dala 25, tare da hannayen jarin kamfanonin GameStop da AMC, lokacin da ƙananan masu saye suka haɗa kai a dandalin Reddit. Ba cinikin kamfanin ne ya ƙaru ba. Da guguwar ta wuce, farashin ya koma inda lissafi ya ajiye shi.

Ana yawan cewa shugabannin kamfanin sun saba alkawarin da ba ya cika. Gaskiya ne?

Akwai abin da za a nuna. A Disamban 2020 aka sanar da IVY tare da Amazon, manhajar da aka ce za ta tattara bayanan mota a riƙa samun kuɗi a kai a kai. Hannun jari ya tashi a ranar, amma kuɗin da za a nuna bai biyo baya ba. A 2022 aka gaya wa masu zuba jari cewa ana hangen cinikin dala biliyan 1.2 a shekarar kuɗi ta 2027. A Oktoban 2023 aka ce za a ware sashen QNX a kai shi kasuwar hannun jari da kansa. Chen ya sauka a Nuwamba, John Giamatteo ya hau a Disamba, a ranar da aka naɗa shi aka janye shirin. A Janairun 2024 kamfanin ya ciyo bashin dala miliyan 200 wanda za a iya mayar da shi hannun jari, farashi ya faɗi warwas don masu riƙe da hannun jari sun san kasonsu na iya raguwa. Prem Watsa na Fairfax, wanda ya tsaya wa kamfanin tun 2013, ya bar kwamitin gudanarwa a Fabrairun 2024. Kwan-gaba kwan-baya irin wannan cikin 'yan watanni na sa ko mai haƙuri ya fara ƙirga abin da ya rage masa.

Babu wani abin da ya gyaru ke nan?

Akwai, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Giamatteo ya rage ma'aikata, ya rufe wasu ofisoshi, ya sauke Cylance da ke zubar da kuɗi. Kamfanin ya koma samun rarar tsabar kuɗi daga ayyukansa, a watanni ukun da suka ƙare a Mayun 2025 kuma ya bayyana 'yar riba ta kusan dala miliyan 2, ta farko bayan shekaru uku. Ya ma fara sayen wasu hannayen jarinsa daga kasuwa. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ya daina nuna kansa a matsayin babban kamfanin tsaron kwamfuta da zai kara da CrowdStrike. Ya koma ƙaramin kamfani mai dogaro da QNX da sashen sadarwa mai tsaro.

Amma ribar da ta zo ta hanyar rage kashe kuɗi tana da iyaka, don akwai ranar da ba sauran abin yankewa. Shakkun masu zuba jari a yau ba a kan ko kamfanin zai rushe ba ne. A kan ko QNX zai girma da sauri har ya rinjayi sauran sassan ne, da kuma ko zai samu gindin zama a wajen mota, cikin mutum-mutumin masana'antu da na'urorin asibiti, inda kamfanin ke cewa ya mayar da hankali.

In rahoton wata uku ya fito, me ya kamata in fara dubawa?

Tsallake adadin motocin da ke kan titi, ka je kai tsaye kan cinikin QNX, ka gwada shi da na irin wannan lokacin bara. Ka duba nawa ne daga ciki ya fito daga motocin da aka ƙera, nawa daga kayan aikin da ake sayar wa injiniyoyi, don na farkon ne ke nuna kuɗin da ke jira ya fara sauka. A sashen sadarwa, ka nemi wancan ma'aunin na dala 100, ka ga ko ya kusa cika ɗari. Sannan ka duba tsabar kuɗin da ta shigo daga ayyuka, ba ribar da aka gyara aka cire wasu kashe-kashe ba. Kuma ka tuna shekarar kuɗin BlackBerry a ƙarshen Fabrairu take ƙarewa, don haka abin da suke kira shekarar 2026 ya fara ne tun 1 ga Maris na 2025.